Jajayen Idanu Biyu a Garken Alhaji Uwaisu

A bakin tashar Dutse, wurin wani mai shayi da ke kafa teburinsa a gindin dalbejiya, Mashkura ta sami Jaji mai bin sawu. Dattijo ne siriri, ya haura sittin, kullum idonsa a ƙasa, domin a ƙasa yake neman abincinsa. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata tsakanin Jahun da Garki, bai taɓa zama a aji ba, amma in kofato ya taka wuri zai gaya maka ko saniyar na da ciki. Ita kuwa Mashkura tela ce a bayan kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ranar Asabar, tsakanin magariba da isha'i, an ɗauke shanu huɗu daga garken Alhaji Uwaisu a ƙauyensu, Kwarin Bauna. Kafin gari ya waye wani hoto ya shiga wayoyin mutanen garin. Ta miƙa masa tata wayar ya duba.

Duhu ne mai shuɗi-shuɗi, irin na almuru. Ga shingen ƙaya, ga mace a tsaye bayansa da ƙwarya a ka. Fuskarta baƙi ƙirin, ba a ganin hanci ko baki. A daidai inda idanu suke, ɗigo biyu ne jajaye suna ƙyalli kamar garwashi. Jaji ya ajiye kofin shayinsa.

Mashkura ta ce uwarta ce, Inna Bilki mai nono. Gari ya ɗauka cewa mayya ce, ita ta kira shanun suka bi ta suka ɓace. Mai unguwa ya ba ta zuwa Juma'a bayan an sauko ta bar garin, ya ce in ta wuce haka ba zai iya riƙe samari ba, don har an fara maganar fetur da ashana.

"Ni sawun saniya nake bi, 'yata," in ji Jaji. "Abin da ba ya taka ƙasa ba sana'ata ba ce."

"Innata tana taka ƙasa, Baba. Har kaushi gare ta."

Ya yi 'yar dariya. Ta ce tana da tunkiya da ɗanta, ya ɗauka duka. Ya ce a bar tunkiyar, ɗan ragon ya ishe shi in an yaye shi, sai ta haɗa masa da ɗinkin riga. Amma akwai sharaɗi: duk abin da ya gano a gaban jama'a zai faɗe shi, ko da a kan uwarta ya faɗa. Ta ce ta yarda. Ranar Talata ce.

*

Da ya isa garken da hantsi sai ya riƙe baki. An share ƙasar fes, ciki da waje, har zuwa burtali, an yayyafa ruwa, ga tokar hayaƙi a kusurwa huɗu. Muslim, makiyayin Alhaji, ya ce dattawa ne suka sa. Da ganin hoton suka ce kada kowa ya taka inda ta taka, a share a yayyafa rubutu, sannan aka kora sauran shanun suka zagaye garken sau uku don su karya abin. To, ka ji. Ko sawun kaza bai rage ba. Jaji ya ce a ransa, duk wanda ya yi wannan aiki ya san mutanen garinsu sarai, ya san da hannunsu za su share masa hanya.

Ya tambayi Muslim inda yake a lokacin. Ya ce masallaci, kamar kullum, liman shaida ne. Igiyoyin fa? Kwance su aka yi, ba yanka ba. Karen garken? Bai yi haushi ba, kuma wannan ne ma ya ƙara tsorata mutane.  Jaji dai ya san kare ba ya yi wa ɗan gida haushi, saniya kuma ba ta bin baƙon hannu ba tare da ta yi kuka ba.

Ya karɓi wayar Muslim ya buɗe hoton, ya dinga zagayawa yana daidaita shi da shingen. Daga waje bai zauna ba. Sai da ya shiga cikin garken, ya tsuguna kusa da wani turke, sannan reshen ƙayar da ya karkace ya faɗo daidai inda yake a hoton. Muslim ya ce turken Raneye ne, ɗaya daga cikin shanun da aka ɗauke. Wanda ya ɗauki hoton a ciki yake, a tsugune.

*

Gidan Inna Bilki a ƙarshen gari yake. An jefe danga da duwatsu, ƙore uku na nono sun yi tsami a rumfa ba mai saye. Tsohuwa ce ƙarama, idanunta farare tas, ɗaya ma ya fara yana. Ba ta ɓoye masa komai ba. Raneye tata ce da, ta sayar wa Alhaji shekarar da mijinta ya kwanta ciwo. Tun daga nan duk yamma in ta dawo daga tallan nono sai ta tsaya a bakin shingen ta kira ta, saniyar ta amsa, ta wuce gida. Kowa ya san haka, yara ma har kwaikwayonta suke yi.

Jaji ya tambaye ta ranar Asabar fa.

"Na kira ba ta amsa ba," in ji ta. "Na sake kira. Na tsaya ina saurare, ban ko motsa ba. Sai na ji wani abu a cikin duhun ya ce ƙas, ya yi shiru, ya sake cewa ƙas. Kamar an karya kara sau biyu. Na ce a'uzubillahi na tafi."

Ya sa ta maimaita ƙarar da bakinta. Tsakanin ta farko da ta biyu akwai kamar numfashi ɗaya.

*

Wanda ya fara yaɗa hoton Saifuddeen ne, ɗan Alhaji, saurayi mai sabuwar waya da son kashe kuɗi. Mutane biyu sun raɗa wa Jaji cewa a sa masa ido, don ya taɓa sayar da ɗan maraƙin ubansa a ɓoye. Saifuddeen ya ce wata lamba ce da bai sani ba ta turo masa, ya kira ta a kashe. Ya ce ai dole mai hoton ya ɓoye kansa, wa zai so mayya ta san sunansa?

Jaji ya ce to a gwada. Da rana ta faɗi, liman yana tayar da iƙama, Jaji ya tsayar da Muslim a bayan shingen da ƙwarya a ka, ya tsugunar da Saifuddeen a turken Raneye ya ce ya ɗauka. Hoton ya fito da haske kamar la'asar, fuskar Muslim sumul kamar an shafa mata man shanu, har haƙoransa ana gani. Aka gwada tsohuwar wayar Muslim, ba ta ga komai ba sai baƙi da wasu tsaki-tsaki. Aka aro wayoyi uku a gari, duk ba wadda ta yi kama da hoton. Kuma ba wadda ta ce ƙas sau biyu.

Saifuddeen ya ce wannan ai ƙarin hujja ce, abin ba na mutane ba ne. Yana faɗa yana waige. Gari ya yi tsit, shanun sun daina tuƙa sun zuba wa shingen ido, Jaji kansa sai da ya waiga. Ba kowa, sai ƙaya.

*

Ranar Laraba da sassafe ya hau mota ya koma Dutse wurin Malam Mika'ilu, tsohon mai hoto, wanda tun zamanin da ake lulluɓa baƙin zane a ka yake sana'ar. Sun san juna tun wata shari'ar shanu da aka kira su shaida tare. Mashkura ta tura hoton, Malam Mika'ilu ya buɗe shi a kwamfuta, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Sai ya kece da dariya.

Ya ce wannan ba aikin waya ba ne. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da suke kira sansa, shi ke tarar haske. Na waya bai kai farcen ɗan yatsa ba, na babbar kyamara kuwa ya kai kan sarki na wasiƙa ko ya fi. Ya ce ka ajiye murfin kwalba da faffaɗan kwano a yayyafi, wanne zai tara ruwa? Haka haske yake da almuru, ɗis-ɗis yake sauka. Tsohuwar waya ba ta tara komai sai tsaki. Sababbin kuwa dabara suke yi, su ɗauki hoto da yawa a lokaci guda su haɗe, su cike gurbin da ƙiyasi, shi ya sa fuska ke fitowa sumul. Wannan hoton duhunsa na gaske ne, ƙaya ɗaya-ɗaya ta fito, saboda haka farantin babba ne, kuma an bar idon kyamarar a buɗe na ɗan lokaci ya sha haske. Buɗewar ce ƙas ta farko, rufewar ce ta biyu.

Jaji ya ce idanun fa.

"Tsufa ne, Malam Jaji. Yadda idonka ke yin yana, haka farantin nan in ya sha shekaru da zafin rana wasu 'yan wurare a jikinsa sukan ƙone. Da rana ba ka ganinsu, haske ya rufe su. Amma a duhu, in an daɗe da ido a buɗe, sai su kama da wuta, wani ja, wani kore. Kuma ba sa gusawa. Duk hoton duhu da kyamarar nan za ta ɗauka, a nan za ka same su, da wannan tazarar."

"Kana nufin sawunta ne."

"To, kai ka san wannan yaren."

Malam Mika'ilu ya ƙara da cewa ɗigon nan ba za su sauka a fuskar mutum daidai haka da kansu ba. Mai kyamarar ya san su, ya jera tsohuwar ne har suka hau inda yake so. Sannan ya ƙara wa hoton haske a kwamfutar. A gefen ƙasa, inda da baƙi ne kawai, sai ga turke ya fito, igiyarsa a yashe a ƙasa, ba saniya.

Jaji ya sa aka wanke masa hoton biyu a takarda, mai duhun da mai hasken. Ya tsinke tsinken tsintsiya ya auna daga gefen hagu zuwa ɗigo na farko, ya karya, ya auna tsakanin ɗigon biyu, ya karya wani. Ya zuba su a aljihu kamar yadda yake yi da awon kofato.

*

Ya koma Kwarin Bauna ya shiga gida-gida da sunan gaisuwa. Ba ya tambayar shanu, hotunan bango yake kallo, na suna, na saukar karatu, na dawowa daga Makka. Yawancinsu na rana ne, ba su da amfani gare shi. Matan gari suka fara cewa tsohon ya ruɗe, ko dai Inna Bilki ta taɓa shi.

Gidan Alhaji Uwaisu ya bari ƙarshe. Alhaji ya karɓe shi a falo ba yabo ba fallasa, ya ce shi bai ɗauko mai bin sawu ba, abin da ido ya gani ai ya wuce bincike. Jaji yana cewa haka ne, haka ne, idonsa na bango. Can sama da kujerar Alhaji akwai hoton bikin 'yarsa Asma'u, an ɗauka a tsakar gida bayan magariba, ranar da injin wuta ya mutu. Amarya da ƙawayenta a zaune a ƙasa-ƙasa, samansu duhu. A cikin duhun nan, sama da kafaɗar amarya, ɗigo biyu jajaye suna kallon falon. Shekara biyu suna nan, ba wanda ya lura.

 Jaji ya roƙa a sauko masa da hoton ya ga amarya da kyau. Girmansa ɗaya da wanda ke aljihunsa. Da Alhaji ya juya yana kiran a kawo ruwa, ya ɗora tsinkayensa. Suka zauna cif.

Ya tambaya wane gwani ne ya ɗauki wannan. Alhaji ya ce ɗansu ne, Fahad, ɗan ƙanin matarsa Hajiya. A gidan ya tashi, shi ke kiwon shanun nan kafin Muslim, yanzu yana da shagon hoto a Jahun.

Jaji ya sha ruwa ya yi godiya. Ya ce shawara ɗaya zai bayar kafin ya tafi: a ɗauki hoton sauran shanun ɗaya-ɗaya, saboda gaba. A kira yaron gobe da la'asar, da sauran rana.

*

Ranar Alhamis Fahad ya zo a babur, kyamara a wuya, baƙa, fentin gefenta duk ya goge. Saurayi ne mai fara'a, yana gaida kowa da sunansa. Karen garken ya taho yana kaɗa masa jela. Jaji ya gani ya kau da kai.

Ya riga ya roƙi mai unguwa ya zo da liman da dattawa, ya aika an ɗauko Malam Mika'ilu a matsayin baƙonsa. Mashkura ta kawo uwarta suka tsaya nesa, mutane suka buɗe musu fili fiye da yadda suke buƙata. Daga nan Jaji ya shiga jan lokaci. Wannan saniyar a juyo ta, waccan a ɗauki tambarin cinyarta, ga labarin wata sata da aka yi a Garki shekara ashirin da suka wuce. Fahad ya fara duban rana, ya ce Baba a hanzarta, hanya ba kyau. Jaji ya ce saura kaɗan. Aka kira magariba, aka yi salla a nan bakin garken, aka shafa.

Sai Malam Mika'ilu ya miƙa hannu ya ce ɗana, ba ni in ga irin taka, na yi irinta da. A gaban dattawa ba yadda Fahad zai hana. Tsohon ya murɗa wani abu, ya rufe idon kyamarar da murfinta, ya nuna wa kowa a rufe take. Ya danna. Ƙas, shiru, ƙas.

Inna Bilki daga inda take ta ce, "Ita ce ƙarar."

Aka juyo gilashin bayan kyamarar aka ƙara girman hoton. Baƙi ne wuluk, ba shinge, ba mutum. A tsakiyarsa idanu biyu jajaye. Mutanen gaba suka ja da baya, wani ya fara karanta ayatul kursiyyu. Jaji ya ce a dakata, ya roƙi Alhaji ya je bayan shingen ya tsaya kada ya motsa. Malam Mika'ilu ya cire murfin, ya tsuguna a turken Raneye, ya ɗan gyara hannu, ya danna. Da aka kai wa Alhaji ya ga kansa da babbar riga da hula, fuska baƙa, idanu kamar garwashi, sai ya zauna a ƙasa.

Jaji ya yi bayani a hankali, yadda Malam Mika'ilu ya yi masa, ya sa aka ɗauko hoton bikin Asma'u aka haska da tocila.

Fahad ya ce to, shi ya ɗauka, bai musa ba. Wucewa yake yi ya ga tsohuwar, ya ɗauka, da ya ga abin da ya fito tsoro ya kama shi ya ɓoye sunansa. Bai san kyamarar na da wannan aibin ba.

"Mai wucewa a kan hanya yake, ɗana," in ji Jaji. "Kai a ciki kake, a tsugune, kowa yana masallaci." Ya zaro hoton da aka ƙara wa haske ya miƙa wa mai unguwa. "Ranka ya daɗe, dubi ƙasa. Igiya a yashe, turke ba saniya. Kafin baiwar Allahn nan ta iso an riga an kora su. Shi ya dawo ya zauna kusa da turken da babu komai yana jiran ta zo ta kira. Wanda ya ga garken gidansu a kwance ihu yake yi, ba ya tsayawa saita hoto."

Fahad ya dubi Alhaji ya ce, "Baffa."  Alhaji bai ɗago ba.

Kafin isha'i Fahad ya faɗi sauran. Su biyu ne, abokinsa ya kora shanun ta burtali zuwa inda mota ke jira a bakin titi. Ɗigon kuwa ya san su shekara uku, gogewa yake yi kafin ya wanke wa mutane hoto, na bikin ne ya manta saboda sauri.

*

Shanu biyu aka samu a wani gida bayan Jahun, har da Raneye. Sauran biyun an riga an loda su kudu, mahautan da suka saya da araha su suka ci riba, ba wanda ya san sunansu. Alhaji ya yi asarar shanu biyu da ɗan da ya tashi a hannunsa, Hajiya ta yi wata guda ba ta fita ko barka. Fahad ya rasa shagonsa da garinsu, kyamarar tana hannun hukuma a cikin leda. Malam Mika'ilu ya samu kasuwa, don mutanen Kwarin Bauna sun yi ta kai masa tsofaffin hotunansu ya duba musu ko akwai wani abu a ciki.

Inna Bilki ba ta bar gidanta ba. Mai unguwa ya zo da kansa ya ba ta haƙuri, samarin da suka jefe dangar su suka gyara ta. Matan gari sun koma sayen nononta, suna ma yabon kaurinsa. Sai dai da rana suke saye. In ta dawo da almuru da ƙwarya a ka, har yau uwaye kan kira 'ya'yansu su shiga gida, wanda ya haɗu da ita a hanya kuma ya gaishe ta da ladabi, idonsa a kan ƙafafunta.